Faratan Gudun Wanke-wanke

"Ƙara musu tsawo," wata matar aure ta ce wa mai gyaran farce. "Yayar mijina ta zo hutu, kwana uku ni kaɗai nake wanke-wanke. Yau sai ta taɓa soso."

Aka manna mata faratan roba zara-zara, aka shafe su da ja.

Ta shigo gida tana yarfa hannu, ta tsaya gaban tulin kwanuka.

"Wayyo Yaya, an ce kada su taɓa ruwa sai bayan sati biyu."

Yaya ta zaro hannuwanta daga mayafi. Faratanta sun ninka na matar ƙaninta tsawo, har da duwatsu masu ƙyalli.

"Ni wata guda aka ce min, ƙanwata."

Sai ga maigida da sallama, yana tambayar abinci.

Tare suka nuna masa soson da baki.