Juyen Wata Uku

Tsohon bakanike ya kwance notin ƙasan inji, mai ya zubo cikin kwano garau, kamar yanzu aka buɗe galan. Ko a jikinsa. Wata uku ya cika, dole a yi juye.

Motar mai ƙofa biyu ce, irin ta tsere, cikinta har yana shafar ƙasa. Shekara huɗu ke nan tana rumfar gidansa, tun da mai ita ya sami aiki a nesa ya bar masa ajiya. Iyakar tafiyarta daga rumfa zuwa bakin ƙofa. Kullum da safe sai ya tayar da ita, ya zauna a ciki yana shan shayi, domin tun rasuwar matarsa ba abin da ke motsi a gidan sai shi da ita.

Mai motar mutum ne mai hidima. Ba ya kira, ba ya ɗaga waya, sai dai saƙon "Ina taro." Amma ranar juye, da ya ga hoton sabon galan da filta zai bugo da kansa. Ya tambayi batir, ya tambayi tayoyi, a kara masa waya ya ji kukan inji. Minti goma, wani lokaci har sha biyar. Tsohon kan sa wankakkiyar riga saboda wannan kiran, sai ka ce ana ganinsa.

Shi ya yanka wata ukun nan, alhali ya fi kowa sanin man yana kai shekara. Da mai ya yi tsada ma, sai ya riƙa faɗin rabin kuɗin yana cikawa daga aljihunsa, don kada a ce motar ta fiye ci a sayar.

Yau ma ya tura hoton. Bai gama wanke hannu ba waya ta yi ƙara.

"Na tambayi masana a nan," in ji mai motar, "sun ce wannan man shekara yake yi. Ɓarna muke ta yi."

"Ai motar da ke ajiye ta fi son kulawa. A bar shi ko wata shida ne, ni zan biya."

"A'a, a daina wahala. Sau ɗaya a shekara ya isa. Ana jirana."

Ko kukan injin bai nema ba. Tsohon ya duba fuskar wayar, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Ya zauna a kan galan ya daɗe bai tashi ba.

Sai baɗi war haka ke nan zai sake jin muryar ɗansa tilo.