Riƙon Ƙwarya a Gidan Malam Ɗanlami

"Ku ba ni nan!"

Malam Ɗanlami, mai gyaran rediyo a Fagge, ya ƙwace na'urorin wasan gem na 'ya'yansa, Sabi'u da Nafi'u. Kowa da tasa, talabijin kuma ɗaya, kullum sai dambe.

Ya sayo 'yar ƙaramar talabijin da batir wurin Cyprian, wani mai sayar da kayan lantarki a Sabon Gari. Mako uku yana narka dalma, har ya haɗe na'urorin biyu da ƙaramar talabijin ɗin cikin akwati ɗaya mai mariƙi.

"Karɓa-karɓa za ku yi," in ji shi. "Amma zan riƙe kwana biyu in gwada."

Kwana biyun suka zama wata biyar.

Ranar da sojoji suka miƙa mulki, yana ƙofar gida da akwatin a cinya, yana danne-danne, yana yi wa maƙwabta wa'azi: "Wanda aka ba riƙo ya ƙi saki, wallahi ba shi da kunya."

Yaran, da yanzu bakinsu ya zo ɗaya, suka durƙusa.

"Baba," in ji Sabi'u, "mu yaushe za a miƙa mana?"

Ko ɗagowa bai yi ba.

"Sai al'amura sun daidaita."