Madalla, Barewa

"Madalla, Barewa! Haka nake so!"

Wata shida ke nan ba abin da Koci yake ce mata a filin gudu sai wannan. Sauran 'yan matan kuwa kullum cikin shan faɗa suke: ɗaga gwiwa, gyara kafaɗa, koma ki sake. Har tausayinsu take ji.

Ranar zaɓen masu zuwa babbar gasa, ita ta zo ta biyar. Mai zaɓen ya ja ta gefe.

"Yarinya, kina da gudu, amma da dunduniya kike sauka. Sati biyu ya isa a gyara wannan. Ba wanda ya taɓa gaya miki?"

Ta rataya takalmanta a wuya, ta nufi gida tana haɗiye kuka.

A ƙofar falo ta ja ta tsaya. Muryar Koci ce a ciki.

"Hajiya, wallahi kullum ina ganin ƙafar nan, sai in danne zuciyata."

"Allah ya saka da alheri," in ji mahaifiyarta. "Da ka gyara mata, ai da yau sun ɗauke min ita."