Dillalina Ni Kaɗai

"Wallahi ba za mu biya miliyan arba'in ba! Ka faɗa wa mai gidan!" Musbahu ya daka tsawa a waya, ya kashe.

Najwa ta ji sanyi har cikin ranta. Sau shida dillalan Abuja suna cinye mata kuɗin duba gida, shi ya sa ta ɗauki nata dillalin. Ta sa Musbahu ya rattaba hannu a takarda: shi ne wakilinta, ita za ta biya shi la'ada.

"Yanzu haka ake yi," in ji ta, "kowa da wakilinsa."

Sati biyu Musbahu yana faɗa da dillalin mai gida a waya, a gabanta, har kuɗin gidan da take son saya a Jikwoyi ya sauko miliyan talatin da biyar.

Ranar biya suka haɗu a ofishin lauya. Mai gidan, Alhaji Ilyasu, ya taso daga Kaduna yana ta fara'a.

"Bari in kira dillalina ya zo ya karɓi la'adarsa. Ban taɓa ganinsa ba, amma ɗan albarka ne. Talatin na ce masa, ya ja min har talatin da biyar."

Ya danna kira. Wata ƙaramar waya ta hau ruri a aljihun Musbahu.

Najwa ta waiwayo a hankali. Musbahu ya gyara zaman hularsa.

"Hajiya, ai ban saɓa ba. Kowa ya samu wakilinsa."