Muryar Auta a Bango

Tun da tsofaffi suka rinjayi matasa, kwamitin unguwa ya maƙala wa kowane dattijo na'urar gaisuwa a bango. Wanda ya ce mata ba shi da lafiya kaɗai ake turo wa likita.

Yau Inna Dudu ta tarar hannun mijinta ya daina motsi.

"Baba, ka tashi lafiya?" in ji na'urar, da muryar autansu da ke ƙasar waje.

"Malam, don Allah faɗa mata gaskiya," Inna Dudu ta roƙe shi. "Ni ba ta saurarona."

"In tayar wa yaro hankali?" in ji Malam, a zatonsa Auta ne da kansa. "Lafiya lau, Auta. Alhamdulillahi."

Koriyar fitilar na'urar ta kama, alamar lafiya. Inna Dudu tana ji motar likita ta wuce ƙofarsu, ko rage gudu ba ta yi ba.