Lamba Ashirin da Uku

Sista Sabulu ta murza tafin hannunta, ta bi tsakanin yatsu, tana ƙirga daƙiƙa arba'in a zuci. Ta tsane hannun, ta lakaci man shafawa a babbar robar da ke gefen famfo, ta tura ƙofar ɗakin bakwaini da kafaɗa. Shekara ashirin da shida ke nan tana aikin jinya, ba ta taɓa tsallake mataki ɗaya ba.

Sunan da tsokana ya fara, ya kuma bi ta. Likita komai girmansa, in ya shigo da agogo a hannu sai ya koma ya cire. Ƙananan nas-nas kan ce da tana da iko, ko iska sai ta wanke hannu kafin ta shigo ɗakin. Suna shakkarta, amma suna sonta. Ita ke karɓar musu aiki in yaro ba lafiya a gida, ita ke cika musu robar man shafawan nan duk Litinin don kada wanki ya tsaga musu fata, ita ke tare musu faɗan manya.

Sai ga shi cikin mako uku jarirai uku sun rasu, ƙwayar cuta iri ɗaya a jininsu. Na ukun jikanta ne.

Shekara tara 'yarta tana jiran haihuwa. Yaron ya zo a wata bakwai, ya kwana goma sha ɗaya a kwalbar ɗumama jarirai. Sista ba ta yarda da hannun kowa a kansa ba. Ita ke juya shi, ita ke gyara masa robar hanci. Ko uwar ba ta bari ta sumbace shi ba.

Ranar da aka sallami 'yar, tana rungume da jakar kayan da ba a sa ko ɗaya ba, ta ce, "Mama, ke fa kika ce nan ya fi ko'ina tsabta."

Maganar ta soki Sista har ƙashi. Ta ce, "Sai na gano hannun da ya yi wannan, ko na waye."

Tuni bakin mutane ya faɗa kan wata tsohuwa mai sharar ɗakin, don tana ɗan tari, har an ce ta zauna gida. Sista ta ce ita ba ta aiki da zato. Ta sa kowa ya wanke hannu a gabanta, nan take ta goga masa audugar gwaji, da nata ta fara. Ta bi famfo, kwalaben jarirai, ma'auni, marfin ƙofa. Kowace auduga lamba aka sa mata ba suna ba, don kada a ga ido. Ta miƙa wa wata ƙaramar nas takardar lambobin ta ƙarasa, ta kai ɗakin gwaji.

Kwana uku tana jiran sakamako. Duk hannun da ta kalla sai ta ga kamar shi ne.

A rana ta huɗu mai gwaji ya zo da kansa. "Sista, duk tsaf suke, sai guda ɗaya. Lamba ashirin da uku. Cike take da ƙwayar cutar, irin ta jinin yaran sak."

Sista ta ce, "Ai ashirin da biyu na ɗauka."

Ƙaramar nas ta matso, idonta jawur, ta ɓoye takardar a bayanta. "Sista, auduga ɗaya ce ta rage, na ce kada ta tafi a banza. Don Allah ki zauna tukuna."

Sista ba ta zauna ba. Ta fizge takardar, yatsunta masu santsi suka bar mata tabon maiƙo. Ta bi lambobin har ƙasa, inda rubutun yarinyar ya ɗan karkace.

Ashirin da uku: robar man da Sista ke cika mana.