Abin da Glory Ta Kwaso Daga Faransa

Ranar da Glory ta dawo daga Faransa na dafa mata farfesun kayan ciki. Ta ɗaga murfin kwanon, ta mayar, ta ce, "Mama, na daina cin nama."

Ni Lydia, shekara goma sha tara ina sayar da abinci a Garki, kuma da naman nan na rene ta ni kaɗai. Mahaifinta ciwon ciki ya kai shi asibiti, suka tsaga shi, bai farka ba. A bakin kabarinsa na rantse cewa ba mai sake taɓa nawa da wuƙa sai bayan raina.

A shekarar 2007 Glory tana aiki a wani kamfanin waya. Kuɗi ya cika Abuja, manyan ofishinsu sun gaji da Dubai, sai suka tsiri ziyarar ibada. Ta ce sati biyu za su yi a kudancin Faransa, su ga wuraren wasu mutanen da can da ake kira Kathar. Na ce ni Urushalima na sani. Ta yi dariya ta ce in rage ƙauyanci. Ko rakiya filin jirgi ba ta bari na yi ba, wai motar kamfani za ta kwashe su.

Ta dawo tana tafiya a sunkuye, wai hawan dutse ne ya gajiyar da ita. Ta nuna mini hotuna: ganuwa a kan tsauni, kogo, da filin da aka ƙone mutum fiye da ɗari biyu don sun ƙi barin addininsu. Na ce ina ita a cikin hotunan. Ta ce, "Wa zai riƙe kyamarar, Mama?"

Daga nama sai ƙwai, daga ƙwai sai madara. Duk abin da na ajiye mata sai ta ce mutanen can ba sa ci. Kunu cokali uku, shi ke nan. Yarinyar da take cinye malmala biyu a tsaye ta koma kamar sillen kara.

Sai ga Hannah. Doguwa ce mai tabarau, Glory ta ce a tafiyar suka haɗu. Talata da Juma'a ba ta fashi. Ta gaishe ni da ladabin munafunci, ta shige ɗaki da baƙar jakarta, su rufe ƙofa. Ran nan na leƙa ta taga: Glory a kwance, matar ta ɗora mata hannu, ta rufe ido kamar mai sauraren wani abu. In za ta tafi sai ta bar ƙananan kwalabe, Glory ta ɓoye su a ƙasan katifa.

Na ɗauki takardar tallan ziyarar da na gani a ɗakinta na kai wa Fasto Meshach. Ya karanta, ya yi bincikensa, ya kira ni. Ya ce mutanen nan sun ɗauka jiki kurkuku ne da Shaiɗan ya gina. In mutum ya shirya tafiya sai su ɗora masa hannu, daga nan ya bar ci har ya mutu.

Juma'ar da ta biyo baya da muciya na tare Hannah a ƙofa. Ta ce in ba ta minti biyar. Na ce minti ɗaya ta ƙara, a kwance za a fitar da ita. Tana ja da baya tana ɗaga murya ta saman kaina: "Glory, ki faɗa mata! Yau ki faɗa mata!" Na ce na riga na sani, mayya.

Ranar na zuba kwalaben a masai, na ƙwace wayar Glory, na ɗauki shatar mota zuwa wani gidan addu'a a bayan duwatsun Ushafa. Ta yi kuka, ta kira sunan Hannah. Fasto ya ce aljanin da ke jikinta ne yake neman uwargijiyarsa, kuma in aka matsa masa ƙarya kala-kala zai yi, kada kowa ya saurara. Don haka duk sanda ta buɗe baki sai mu ɗaga waƙa, mu takwas da ganga, har mu danne muryarta. Ni ce mai ba da waƙar.

Kwana goma sha tara muka yi. A na ashirin na rufe mata ido.

Bayan biso na kunna wayarta, na sami adireshin gidan Hannah a Jabi. Takardar tallan ta ce akwai wata tafiyar a watan Satumba, kuma na rantse 'yar wani ba za ta bi tawa ba. Safiyar Asabar na tsaya a ƙofar gidan ina kiranta da sunan da ya dace da ita, har maƙwabta suka fito. Ta fito da zani a ƙirji. Na watsa mata hotunan a fuska, na ce ta faɗa wa jama'a mutum nawa ta kai Faransa ta kashe da yunwa.

Na zaci za ta gudu. Sai ta matso, idonta ya fi nawa ja.

"Sati uku ina neman inda kika kai ta," in ji ta. "Har ofishin 'yan sanda na je. Hotunan nan na ogarta ne, ita ce ta yi tafiyar. Glory ko fasfo ba ta da shi."

Na ce ƙarya take yi, to ina ta je?

Ta ce, "Asibitinmu, nan Garki, bayan rumfarki, kuma sai da ta sa na rantse ba zan faɗa miki ba. Ni ce likitar da ta cire mata ciwon daji a ciki, Mama, kuma saura sati biyar ta gama shan magani."